Gida Ɗaya a Damagaram, Daga Rufe Iyaka Zuwa Kakar Gyaɗa: Nazarin Lamari

Asalin gidan kafin Yulin 2023

Gidan da wannan nazari ya bi yana wata unguwa ta gefen birnin Damagaram, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin a kan wannan sharaɗi suka yarda in rubuta. Ni ce nake riƙe wa ƙungiyar asusun matan unguwar littafi tun 2021, saboda haka alƙaluman kuɗin gidan daga littafin nan na ɗauko yawancinsu, saura kuma daga bakin matar gidan da mijinta. Lissafin duka da sefa ne, jika ɗaya kuwa sefa 1,000 ke nan.

Mutum bakwai ke ci a tukunyar gidan, tiya ɗaya da rabi ta hatsi kowace rana, kuma suna biyan hayar jika 7 a wata. Maigidan ɗan dako ne, yana lodin buhunan wake da sauran kayan da ake kaiwa Najeriya ta hanyar Matamaye da ta Magarya, yana kuma sauke kayan da ke shigowa daga Kano. Ranar da kasuwa ta yi kyau yakan koma gida da jika 2, ranar da ta mutu da sefa 500. Uwargidan tana matse man gyaɗa tana toya ƙuliƙuli da jarin jika 15, abin da ke saya mata wajen tiya 12 a mako, ya bar mata ribar jika 3 zuwa 4. Babban ɗansu yana cin rani a Kano, yana aiko da naira idan ya samu. Suna da akuya ɗaya, kuma ba mai binsu bashi sai mai kantin unguwa, shi ma kuɗin sabulu da gishiri. Maigidan bai taɓa yin aiki da takardar kwantaragi ba, don haka ba shi da rajista a CNSS, asusun da ke biyan kuɗin iyali da fansho ga ma'aikatan da aka yi wa rajista.

Agusta zuwa Disamba 2023: rufe iyaka

Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. Wutar da Damagaram ke sha daga Najeriya ta layin Katsina take zuwa, saboda haka abu biyu suka faɗa wa gidan a mako guda. Manyan motoci sun daina tashi, aikin dako ya ragu zuwa kwana ɗaya ko biyu a mako, domin kayan da ke ƙetarawa ta hanyoyin daji a kan babura ba sa buƙatar mai ɗaukar buhu a tasha. Injin markaɗen da uwargidan ke kai gyaɗa kuwa na lantarki ne, sai ya zama tana jira wuni guda ko ta tafi wurin mai injin gazuwal wanda ya ƙara kuɗi.

Akwai wani rauni na uku da ya riga juyin mulkin. A ƙarshen Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma ta saki naira, wadda ta tashi daga wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan da ke Kano bai rage abin da yake aikowa ba, amma idan aka canja shi zuwa sefa ba ya kai rabin abin da yake a da.

A watan Satumba 'yarsu mai shekara 3 ta kamu da zazzaɓin cizon sauro. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ana duba shi kyauta a likitocin gwamnati, kuma haka aka yi, ba a karɓi ko dala ba wajen dubawa. Sai dai ɗaya daga cikin magungunan da aka rubuta ya ƙare a wurin, aka ba su takarda suka je farmasi, suka kashe jika 6 da rabi. Daga jarin gyaɗa kuɗin suka fito. Makon da ya biyo ta sayi tiya 7 maimakon 12, riba ta ragu, aka ci daga abin da ya saura, kuma kafin ƙarshen Nuwamba jarin ya ƙare gaba ɗaya. A watan Disamba aka sayar da akuyar aka biya hayar wata biyu.

Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: aikin gadi

Matakin farko da maigidan ya ɗauka shi ne neman albashi. Wani mai shagon kayan gini ya ɗauke shi gadin dare a kan jika 20 a wata, da baki, ba takarda. A lokacin, mafi ƙarancin albashin da doka ta tsayar tun 2012 sefa 30,047 ne, kuma ya fi shekara goma ba a taɓa shi ba. Maigidan ya ji wannan adadi a rediyo, ya faɗa wa mai shagon, shi kuwa ya amsa masa da cewa akwai mutum biyar a bakin titi da za su karɓi aikin a kan jika 15. Da na ce masa ya kai ƙara wurin masu duba harkar ƙwadago, sai ya ce: "Malama, da wace takarda zan shiga? Ba wanda ya rubuta sunana a ko'ina." Ya yi wata biyar, an biya shi uku, ya bar aikin yana bin jika 40 da har yau bai gani ba. A cikin waɗannan watanni ne bashin kanti ya fara taruwa, kuma aka cire 'yarsu mai shekara 13 daga makaranta ta koma tallar awara ga wata maƙwabciya.

An nemi sunansu a cikin masu samun tallafin kuɗi na wata-wata, wanda gwamnati ta fara da taimakon Bankin Duniya a 2011 kuma daga baya aka san shi da Wadata Talaka. Mai unguwa ya gaya musu gaskiya cewa shirin ya fi karkata ga ƙauyuka, kuma jerin sunaye ba a buɗe yake ba. A lokacin ma Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi zuwa Nijar bayan juyin mulkin.

Maris zuwa Afrilu 2024: shawarar da aka yanke a asusu

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, a watan Maris iyakar Najeriya ta buɗe, wuta ta dawo. Lodin wake bai koma yadda yake ba, saboda fataken Najeriya da nairarsu ta karye ba sa iya sayen abin da suke saye a da. Maigidan ya karɓi hayar kurar ruwa mai jarka 10 a kan sefa 500 kullum ya shiga ga-ruwa, sana'ar da ba ta mutuwa a Damagaram lokacin zafi, garin da ƙarancin ruwansa sananne ne tun zamanin Turawa. Daga Maris zuwa Mayu yana tashi da jika 1 da rabi zuwa 2 bayan ya biya haya da kuɗin famfo.

Abin da ya fi tasiri a wannan lokaci ya zo ne ta bakin tsohuwa. Mahaifiyar uwargidan ta zo azumi daga ƙauyensu, kuma ita ta taɓa kasancewa cikin shirin tallafin, ta karɓi jika 10 kowane wata, daga baya aka ba ta jika 80 a dunƙule tare da horo da shiga ƙungiyar ajiya. Ta zauna a taron asusunmu, ta ji muna shirin fasa akwati kafin Sallah kamar kowace shekara, sai ta ce wa shugabar ƙungiyar: "Hajiya, kuɗin wata-wata ciki suka tafi, kuma Allah ya saka wa wanda ya bayar. Na dunƙulen su ne tumakin da nake da su yau, domin da kaka suka zo hannuna. Ku kuna fasawa lokacin da komai ke tsada, me zai saura?"

Irin asusunmu ya samo asali daga tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991: zubi kowane mako, rance daga akwati, rabo a ƙarshen zagaye. Mu 25 ne, zubin sefa 500, kuma saboda bashin da ya maƙale a hannun mutane jika 420 kaɗai ke cikin akwati a watan Afrilu. Bayan zama uku na gardama aka tsayar da abu uku. Za a raba jika 220, a kulle jika 200 har kaka. Da kaka ba za a ba kowa rancen kuɗi ba, ƙungiya ce za ta sayi gyaɗa a dunƙule ta sayar wa masu matse mai bashi da ɗan ƙari a kan kowace tiya, su biya mako-mako cikin wata huɗu, kuma sai da aka tambayi limamin unguwa ya ce ciniki ne halastacce kafin wasu suka yarda. Na uku, an buɗe ƙaramin akwati na sefa 50 a mako don rashin lafiya kawai, ana ara a mayar ba ƙari. Rabon uwargidan daga jika 220 ɗin bai kai jika 9 ba, kuma a ranar ta miƙa shi ga mai kanti.

Yuni zuwa Satumba 2024: tsadar hatsi da ambaliya

Wannan ne lokaci mafi tsanani. Ruwan sama ya sauka, kasuwar ga-ruwa ta faɗi, hatsin bara ya ƙare a rumbuna, kuma uwargidan ta sayi tiya a kan fiye da jika guda a watan Yuli. Gidan ya koma cin abinci sau ɗaya a rana da kunu da safe.

Gwamnati ta buɗe sayar da hatsi a farashi mai rahusa ta hannun OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, buhun kilo 100 a kan jika 13, wato tiya ta kilo biyu da rabi a kan sefa 325. Uwargidan ta samu sau biyu, tiya 10 da tiya 6. Ta biya sefa 5,200 a kan abin da zai ci mata fiye da jika 16 a kasuwa, kuma hatsin ya riƙe gidan wajen kwana 11 cikin watanni uku na wahala. Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan tsari, shi ne rahusa ma sai da kuɗi a hannu ranar da aka kawo kaya. A zagayen farko ba ta da ko dala, sai da ta ara daga maƙwabciya, kuma na san gidaje biyu a layinmu da suka ba wasu gurbinsu saboda ba su samu mai ara musu ba.

A cikin Yuli ne aka sauke farashin litar fetur zuwa sefa 499. Gidan ba shi da babur, kuma ban ga wani sauyi a littafin ba da zan iya danganta shi da wannan ragi.

Matsin da ya hau kan akwatin da aka kulle ya yi yawa. Mata sun zo gidan Hajiya da daddare suna roƙon a fasa, uwargidan nan ma tana cikinsu, ta ce: "Hajiya, kuɗina na cikin akwati 'ya'yana na kwana da yunwa." Hajiya ta rage zubi zuwa sefa 250, ta yafe tarar jinkiri, ta ba wasu hatsi daga nata rumbun, amma ta ƙi ba da makulli. Mata uku sun karɓi nasu sun fita daga ƙungiyar, kuma ba na ganin laifinsu.

Sai ruwa ya yi yawa. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe, kuma a makon nan katangar madafar gidan ta faɗi a kan tukwane da turmi. An rubuta sunansu cikin waɗanda ambaliya ta shafa, bayan makonni aka ba su kason hatsi da tabarma. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. A ƙarshen Satumba jimillar bashin gidan, na kanti da haya da maƙwabta, ya kai jika 47.

Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: juyawa

A watan Agusta majalisar ministoci ta rage kuɗin jinya a likitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, ta mayar da haihuwa kyauta, kuma tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024. A watan Oktoba ɗansu mai shekara 9, wanda ya wuce shekarun kyauta, ya kwanta da zazzaɓi kwana biyu. Ba a tambaye su wata takarda ta talauci ba, kuma ba a duba wani jerin suna ba, rabin kuɗin aka karɓa a wurin biya kamar yadda ake karɓa daga kowa. Abin da suka kashe duka, har da magani, jika 5 ne, an ara daga ƙaramin akwati, an mayar cikin mako shida.

A tsakiyar Oktoba gwamnati ta hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Wannan mataki ya shigo gidan ta ƙofa biyu. Da shi da albarkar damina farashin tiya ya sauko ƙwarai, tukunya ta koma sau biyu a rana. Amma kakar wake ita ce lokacin da ɗan dako ke samun kuɗin shekara, kuma wake shi ne babban kayan da ake lodawa zuwa Najeriya, saboda haka maigidan ya je tasha ya tarar ba aiki, ya koma kan kurar haya a lokacin sanyi da ruwa ba ya tsada.

A watan Nuwamba akwai jika 340 a babban akwati. Mata biyu da mijin ɗayarsu suka je kasuwar Matamaye suka sayo gyaɗa, aka raba wa masu matse mai su 12, tiya 24 kowace. Uwargidan ta ce da kuɗi aka ba ta da ba su kwana ba, domin mai gida na bin haya, mai kanti na jira, katanga na ƙasa, kuma duk suna da gaskiya. Gyaɗa a buhu kuwa ba wanda ya zo ya ce a ba shi. Ta fara da tiya 12 a mako kamar da, ta ajiye sauran, tana sayen na juyi daga cinikin mako. Da farashin gyaɗa ya fara hawa bayan sanyi, ta buɗe ajiyar ta matse, kuma a waɗannan makonni ribarta ta kai jika 6. A watan Janairu 2025 ta haihu a likita, ba a karɓi kuɗin haihuwa ba, abin da ya fita na adaidaita ne da ƙananan kaya, wajen jika 3, kuma buhun gyaɗa na nan yadda yake.

Yadda gidan yake a Yunin 2025

Ta gama biyan bashin gyaɗa a watan Maris. A watan ne kuma, da ribarta da ɗan abin da ya tara, maigidan ya sayi tsohuwar kura a kan jika 35, ya huta da hayar sefa 500 kullum daidai lokacin da zafi ya shigo. Jarinta ya kai jika 30, bashin gidan ya sauko daga jika 47 zuwa 9, an gina katangar. Ba a mayar da akuyar ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta ba ta koma ba, shekara biyu ta wuce ta, kuma ta ce tana jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannenta.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina gidan bai faɗi ranar da aka rufe iyaka ba. Ya faɗi ne ranar da jika 6 da rabi ta magani ta fita daga jarin jika 15, domin daga nan ne hanyar samu ta biyu ta mutu, kuma duk abin da ya biyo baya, sayar da akuya da cire yarinya da bashin kanti, daga wannan rami ya fito. Shekara guda bayan haka cuta iri ɗaya ta shigo gida ɗaya, kuɗin da aka kashe ba su yi nisa da na farko ba, amma sun fito daga akwatin da aka tanada don haka, a kan farashin da doka ta rage, sai sana'a ta tsira. Shi ya sa nake ɗaukar rage kuɗin jinya a matsayin manufar da ta fi yi wa wannan gida aiki, da sharaɗin gwamnati ta riƙa biyan likitoci kuɗin da ta ɗauke wa marasa lafiya a kan kari, domin kyautar yara ta 2006 ta nuna cewa idan aka yi jinkirin biya magani yakan ƙare, uwa ta koma farmasi da jarinta.

Mafi ƙarancin albashi da CNSS ba su taɓa maigidan ba ko na kwana ɗaya, domin duka biyun suna farawa ne daga takarda, kuma yawancin masu aikin ƙarfi a kasuwar Dole da tashoshin garin ba su da ita. Tallafin wata-wata ya tsaya a ƙauye, alhali talakan birni yana biyan haya yana sayen kowace tiya da kowace jarka. Hatsin rahusa ya yi amfani na gaske, amma kwana 11 ne cikin 90, kuma ya tsallake wanda ba shi da kuɗi a ranar. Hana fitar da wake ya sauƙaƙa wa mai saye, ya ɗora nauyin a kan manomi da ɗan dako, kuma ban ji an yi wa waɗannan wani tanadi ba.

Binciken da aka yi kan shirin tallafin Nijar, wanda mujallar Nature ta buga a 2022, ya gano cewa haɗa ƙungiyar ajiya da horo da jari ya ƙara cinikin mata da abincin gidajensu, kuma abin da tsohuwar nan ta faɗa a taronmu ya yi daidai da shi. Asusunmu ya yi wannan aiki da kuɗin talakawa su kaɗai, kuma tsadarsa ita ce yunwar watan Agusta da matan uku da suka fita. Da an zuba wa akwatin irin jika 80 ɗin nan ta mutum uku kawai a watan Nuwamba, da ba sai an kulle jika 200 ta masu jin yunwa wata bakwai ba. Biyu daga cikin matan da suka fita sun nemi dawowa, kuma an sa maganarsu a zaman farko na watan Yulin 2025.